Filayen Masana'antun Kano Suna Kwance, Masu Sana'a Suna Neman Wurin Tsayawa

Duk wanda ya san Kano ya san cewa tsakanin Sabon Gari da unguwar masana'antu ta Bompai babu wata tafiya mai nisa, amma halin da wuraren biyu suke ciki a yau ya yi hannun riga. A Sabon Gari da Fagge, inda kowane taku na ƙasa yake da mai shi kuma yake da kuɗin haya, masu walda da kafintoci da makanikai suna aiki a bakin titi, wasu a kan kwata, wasu kuma a ƙofar gidajen da mutane suke kwana. A Bompai kuwa akwai manyan filaye masu katanga da dogayen rumfunan kwano waɗanda aka gina domin injuna da ɗaruruwan ma'aikata, amma da yawa daga cikinsu ba kowa a ciki sai mai gadi da ciyawa, wasu kuma an mai da su sito na ajiye kayan da aka shigo da su daga ƙasashen waje.

Ra'ayinmu a wannan shafi shi ne, ya kamata a mayar da waɗannan filaye ga aikin ƙere-ƙere, a rarraba su yadda ƙananan masu sana'a za su iya kama haya, tun kafin a gama mai da su shaguna da gidajen kwana. Maganar ta shafi jama'ar ikkilisiya kai tsaye, domin da yawa daga cikin waɗanda suka rasa aiki a masana'antun nan, da 'ya'yansu da suke zaune ba aikin yi, su ne muke zama da su a benci ɗaya kowace Lahadi.

YADDA AKA FARO

Hanyar jirgin ƙasa ta iso Kano a 1911, kuma a 1913 Turawan mulki suka keɓe Sabon Gari domin akawuna da ma'aikatan jirgi da 'yan kasuwa da suka zo daga Kudu da sauran ƙasashen Afirka ta Yamma. Fagge kuwa tun kafin zuwan Turawa zango ce ta fatake da ayarin raƙuma. Kamfanoni irin su John Holt da UAC da GBO suka kafa kantuna da sito kusa da tashar jirgi, Kwarori 'yan Labanan da Siriya suka zauna a Fagge ta Kudu inda Kantin Kwari ya bunƙasa, attajirai irin su Alhaji Alhassan Ɗantata kuma suka shahara da sayen gyaɗa har aka riƙa jera buhuna ana yin dala.

Daga cinikin gyaɗa da fata da auduga aka shiga sarrafa su. A shekarun 1950 aka buɗe unguwar masana'antu ta Bompai, ta gefen da layin dogo na Nguru ya bi, daga baya Sharaɗa da Challawa da hanyar Haɗeja suka biyo. Aka sami masu matse man gyaɗa, da majemu na zamani, da masu yin alewa da sabulu da kwanuka da takalma, da kamfanin kekunan Raleigh, da masaƙu irin su Bagauda ta Alhaji Isyaku Rabi'u da Gaskiya ta Alhaji Nababa Badamasi. A lokacin, in ka ɗauke Legas, babu garin da ya kai Kano yawan masana'antu a Nijeriya. Dattawanmu suna iya tuna yadda jiniya take kaɗawa da asuba, titi ya cika da kekuna daga Sabon Gari da Birged da Dakata da Fagge, Bahaushe da Ibo da Bayarabe da mutumin Zangon Kataf da na Biliri duk sun nufi ƙofa ɗaya.

Faɗuwar ba a rana ɗaya ta zo ba. Farin 1973 da 1974, da cutar da ta kama gyaɗa a 1975, sun karya noman da masu matse mai suka dogara da shi. Shirin tsuke bakin aljihu na SAP da gwamnatin Janar Babangida ta kawo a 1986 ya karya darajar Naira, sai kayan gyaran injuna da sinadaran da ake sayowa daga waje suka yi tsada. Wutar NEPA ta zama sai an ga dama, baƙin mai da masaƙu suke ƙonawa a tukwanensu ya yi wuyar samu saboda yawan tsayawar matatar Kaduna. Daga ƙarshen shekarun 1990 kuma atamfa da yadin ƙasar Sin suka cika kasuwa, wasu ta halal, wasu ta fasa-ƙwauri ta kan iyakar Nijar. Abin takaici, Kantin Kwari wadda ta kasance mashigar kayan masaƙun Kano ita ce ta koma babbar kasuwar kayan da suka durƙusar da su. Haka abin ya faru a Kakuri ta Kaduna, inda masaƙar KTL ta rufe a 2002, UNTL kuma ta bi bayanta a 2007.

Ba duka ne suka mutu ba. Har yanzu akwai masu yin kayan roba, da masu jima, da masu casar shinkafa da sarrafa abinci suna ta fama, kuma sun cancanci yabo. Sai dai filin da suke amfani da shi bai kai wanda yake kwance ba a tituna da dama.

ME YA SA ƘOFOFIN SUKE KULLE?

Mai karatu zai iya tambaya, tun da ga fili ga masu bukata, me ya hana a haɗa su? Dalilin farko shi ne kowane kango yana da mai shi. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta danƙa filayen birni a hannun gwamna a matsayin amana, shi kuma yana ba mutum ko kamfani takardar izinin zama, galibi ta shekara 99. Wasu daga cikin takardun nan suna hannun banki a matsayin jingina kan bashin da ba a biya ba, wasu sun koma hannun AMCON, hukumar da aka kafa a 2010 domin karɓar basussukan da suka gagari bankuna. Wasu kuma masu su sun rasu, magada suna kotu, ko kuwa sun koma ƙasashensu sun bar wakili.

Dalili na biyu shi ne lissafi. Mai fili ya ga cewa ko bai ɗaga tsinke ba, kuɗin filinsa yana ƙaruwa kowace shekara domin gari yana matsowa. In ya tayar da inji zai yi fama da man gas da albashi da masu karɓar haraji iri-iri. In ya ba ɗan kasuwa haya ya ajiye kwalaye, kuɗinsa na shekara zai shigo ba ciwon kai. Ba za a zarge shi da wauta ba, amma abin da ya zama riba ga mutum ɗaya hasara ce ga gari. Rumfar da ta taɓa ɗaukar ɗaruruwan ma'aikata, in ta zama sito, mai gadi da akawu da 'yan dako kaɗan sun ishe ta.

Akwai kuma hasarar da ba a iya gyarawa. An zaɓi filin masana'anta ne da faffaɗan titi da manyan wayoyin lantarki da nisa daga ɗakunan kwana. Da zarar an yanka fuloti ɗaya an gina gidaje ko makaranta ko zauren biki, sai mazauna su fara kukan ƙara da hayaƙi, kuma kukansu yana kan hanya, daga nan masana'antar da ta rage a maƙwabtaka ita ce za a ce ta tashi. Da haka unguwar masana'antu take ƙarewa, fuloti bayan fuloti, ba tare da wani ya zauna ya yanke shawarar a kashe ta ba.

ABIN DA CUNKOSO YAKE CI MANA

A ɗaya gefen kuma, Sabon Gari da Fagge suna biyan kuɗin matsatsin da suke ciki. A watan Maris na 2016 gobara ta cinye dubban shaguna a kasuwar Sabon Gari, wato kasuwar Muhammadu Abubakar Rimi. A ranar 17 ga Mayu, 2022, fashewar da ta auku a titin Aba, dab da wata makarantar yara, ta hallaka mutum tara, 'yan sanda kuma suka danganta ta da iskar gas da sinadaran da aka ajiye a wurin. A watan Agusta na wannan shekarar ambaliya ta shiga Kantin Kwari ta lalata kaya masu ɗimbin yawa, 'yan kasuwa da dama suka ɗora laifin a kan gine-ginen da suka toshe hanyoyin ruwa. Duk inda aka cusa wuta da gas da fenti da kwanan mutane a wuri ɗaya, ana zaune ne a kan hatsari.

Maganin da hukuma ta saba kawowa shi ne a kwashe mutane a kai su bayan gari. A watan Fabrairu na 2024 hukumomin magani suka rufe shagunan masu sayar da magunguna a Sabon Gari domin su koma sabuwar cibiyar da aka gina a Dangwauro, kan hanyar Zariya. Ga manyan dilolin magani wannan yana da hujjarsa. Amma mai walda ko mai naɗa wayar inji yana rayuwa ne da kusancinsa da mai kawo aiki da mai sayar da ƙarfe, kuma yaransa da ƙafa suke zuwa. In aka kai shi nesa, ko dai ya karye ko ya dawo bakin titi bayan wata uku. Amfanin Bompai, da tsofaffin sito na gefen layin dogo, shi ne suna kusa.

ABUBUWAN DA GYARA YAKE BUKATA

Na farko, a san abin da ke akwai. Gwamnatin jiha tana da hukumar tsara birane ta KNUPDA da hukumar rajistar filaye ta KANGIS. Su zauna da ƙungiyar masu masana'antu ta MAN su ƙidaya kowane fuloti a Bompai da Sharaɗa da Challawa: wa yake riƙe da shi, don wane aiki aka ba shi, me ake yi da shi yanzu. A buga sakamakon kowa ya gani. Muddin wannan bayani yana cikin aljihun dillalai kaɗai, su ne za su ci gaba da yanke wa gari hukunci.

Na biyu, a bi masu filaye da lalama da kuma doka. Wanda ya yarda ya ba da rumfarsa haya ta dogon lokaci ga ƙungiyar masu sana'a, a sassauta masa harajin ƙasa. Wanda ya kulle fili shekara da shekaru yana jiran ya yi tsada, a ƙara masa. Doka ta ba gwamna ikon soke takarda saboda amfanin jama'a ko saboda saɓa sharuɗɗan da aka ba da ita, amma wannan ya zama mataki na ƙarshe, da sanarwa da diyya da damar zuwa kotu. Mutanen Kano ba su manta da rusau na watan Yunin 2023 ba, lokacin da sabuwar gwamnati ta rushe gine-ginen da aka yi a filin tsohon otal ɗin Daula da shagunan filin Idi da wasu wurare, bisa hujjar cewa gwamnatin da ta gabata ta raba filayen jama'a ba bisa ƙa'ida ba, har wata babbar kotun tarayya ta yanke diyyar Naira biliyan 30 ga masu shagunan filin Idi. Ko wane gefe mutum ya goyi baya, darasin ɗaya ne: babu mai zuba kuɗinsa a filin da bai tabbata gwamnati mai zuwa za ta mutunta takardarsa ba.

Na uku, wuta. In babu ita, duk sauran magana tatsuniya ce. Kuɗin da gwamnatin tarayya ta fara rabawa masaƙu ta Bankin Masana'antu a 2010, wato asusun Naira biliyan 100, bai tayar da yawancinsu ba, domin an ba da rance an bar matsalar lantarki da fasa-ƙwauri a inda suke. A watan Afrilun 2024 kuma kuɗin wutar masu rukunin farko ya tashi zuwa Naira 225 a kowane ma'auni, bayan cire tallafin fetur a 2023 ya riga ya tsauwala wa masu ƙananan janareta. Duk da haka akwai ƙofar da ta buɗe. Tun 2018 aka fara sanya wa shagunan kasuwar Sabon Gari wutar hasken rana a ƙarƙashin wani shirin hukumar REA, 'yan kasuwa suna biyan abin da suka sha. A watan Janairun 2023 aka ƙaddamar da tashar hasken rana mai megawat 10 a Kumbotso, kusa da Challawa. Dokar lantarki ta 2023 ta ba jihohi ikon tsara kasuwar wutarsu. Ga kuma bututun gas na Ajakuta zuwa Kaduna da Kano, mai tsawon kilomita 614, wanda aka fara a 2020. Rufin kwanon masana'anta guda yana da faɗin da zai ɗauki farantan hasken rana masu yawa, kuma masu sana'a ɗari a bayan mita ɗaya sun fi ƙarfin ciniki da kamfanin KEDCO a kan mutum ɗaya da janaretarsa.

Na huɗu, a duba ƙasar kanta. Inda aka yi shekaru ana jima da rini da haɗa batir, guba tana iya zama a cikin ƙasa da rijiyoyi. An daɗe da sanin cewa dagwalon masana'antun Bompai yana bin rafin Getsi ya haɗu da Jakara, kuma da wannan ruwa wasu manoman rani suke shayar da latas da alayyafon da ake kawowa kasuwa. Kafin a zuba mutane a kowane kango, a auna ƙasa da ruwa, a kwashe abin da ya kamata a kwashe, sa'an nan a hana haƙa rijiyar sha a inda ba a tabbatar da lafiyarsa ba.

Na biyar, a raba da gaskiya. A yanka manyan rumfuna zuwa ƙananan ɗakunan aiki, a ajiye manyan injunan da mutum ɗaya ba zai iya saya ba domin a riƙa biya ana amfani da su, a tanadi ruwa da bayan gida da kayan kashe gobara. Haya ta tafi ga wanda yake riƙe da guduma da hannunsa, ta hanyar ƙungiyarsa. Mun sha ganin yadda ake gina kasuwa da sunan talaka, sai takardun rumfuna su ƙare a hannun 'yan siyasa da surukansu, su kuma su ba talakan haya ninki uku.

Abin da ya faru a Ingila ya isa gargaɗi. A 1981 gwamnatinsu ta kafa hukuma domin raya tsofaffin tashoshin jiragen ruwa na gabashin Landan da suka mutu. An gina dogayen benaye na bankuna, kuɗin ƙasa ya hau sama, amma 'ya'yan leburorin tasha da yawa ba su sami gurbi a sababbin ofisoshin ba. Ana iya raya fili a bar mutanensa a baya, kuma ba irin wannan muke roƙa wa Kano ba.

INA IKKILISIYA TA TSAYA?

Masana'antun nan sun yi wa Kano wani aiki da ba ya cikin littafin akawu. A bakin inji Kirista da Musulmi suka san juna, suka shiga ƙungiyar ƙwadago ɗaya, suka yi adashi tare, suka je wa juna suna da jana'iza. Da aka rufe ƙofofi, kowa ya koma unguwarsa da mutanensa. Waɗanda suka ga tarzomar 1991 da 2001 da 2004 sun san cewa matashin da ba shi da inda zai je da safe shi ne ya fi sauƙin haya ga mai son tayar da fitina, ko daga wane ɓangare yake. Sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga.

Akwai kuma gwajin da ya shafe mu mu kanmu. A Legas, tsofaffin sito da masana'antu da yawa a wajen Ikeja da Oregun sun zama majami'u. Mun san kukan da masu bi a Kano suka daɗe suna yi game da wuyar samun fili da takardar gina majami'a a wajen Sabon Gari, kuka ne na gaskiya, kuma ya kamata shugabannin CAN su ci gaba da bin sa ta ƙofarsa. Amma in muka mai da wurin da zai ciyar da iyali ɗari ya zama wurin da ake buɗewa sau biyu a mako, mun sami zauren sujada mun rasa abincin masu sujadar. Duk ikkilisiyar da ta sami irin wannan wuri a hannunta, ta tambayi kanta me rumfar take yi daga Litinin zuwa Asabar.

Ikkilisiyoyin wasu ƙasashe sun taɓa shiga irin wannan aiki. A 1985 Ikkilisiyar Ingila ta fitar da rahoto kan talaucin unguwannin da masana'antu suka mutu suka bari, rahoton da ya ɓata wa gwamnatin lokacin rai, daga baya kuma ta kafa asusu domin tallafa wa waɗannan unguwanni. A garin Mondragon na ƙasar Sifen, wani fada na Katolika mai suna Arizmendiarrieta ya buɗe makarantar koyon sana'a a 1943, a 1956 ɗalibansa biyar suka kafa ƙaramar masana'antar yin risho wadda ma'aikata ne masu ita, kuma daga nan aka sami gamayyar ƙungiyoyin haɗin kai da take ɗaukar dubun dubatar mutane aiki. Mu ma a nan ba baƙi ba ne ga aikin da ya wuce bagade. Asibitin Ido na ECWA yana yi wa kowa da kowa hidima a Kano tun 1943.

Abin da muke iya farawa da shi ba ya bukatar izinin kowa. Kowace majami'a ta rubuta sunayen masu sana'ar da ke cikinta, da aikin da suke yi, da yawan yaran da suke koyarwa, da wurin da suke aiki yanzu. Zumuntar mata da ƙungiyoyin matasa da suke da adashi su yi rajistar ƙungiyar haɗin kai, domin mai fili ba zai yi yarjejeniyar shekara goma da tela ɗaya ba, amma zai saurari ƙungiya mai asusu a banki. Lauyoyi da injiniyoyi da masu awon ƙasa da suke cikinmu su ba da lokacinsu wajen duba takardu. Dattawan da suka yi aiki a masaƙu da majemu, waɗanda wasunsu har yau ba a biya su haƙƙin sallama ba, suna da ilimin inji da zai tafi kabari tare da su in ba a haɗa su da matasa ba.

Kada kuma mu je gaban hukuma mu kaɗai. Telan Fagge da maƙerin Birged bukatarsu ɗaya da ta kafintan titin Faransa. Takardar da ta fito da sa hannun fastoci da limamai da shugabannin ƙungiyoyin sana'a ta fi wuyar jefawa a kwandon shara, kuma hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. A kai ta ga kansilolin Sabon Gari ta Gabas da ta Yamma, da shugabannin ƙananan hukumomin Fagge da Nasarawa, da 'yan majalisar jiha, a nemi abu guda a fili: a fara gwaji da rumfa ɗaya a Bompai.

A cikin Bisharar Luka sura 13, Ubangiji ya ba da misalin itacen ɓaure da ya shekara uku ba 'ya'ya, mai gona ya ce a sare shi domin yana tare wuri a banza, mai lura da gonar kuma ya roƙi ƙarin shekara guda ya yi masa kaftu ya zuba taki. Misalin yana magana ne a kan tuba, amma ya nuna mana cewa jinkirin da ake bayarwa na yin aiki ne, kuma yana da iyaka. Filayen Bompai sun wuce shekara uku da nisa. In ba a sami masu kaftu da zuba taki yanzu ba, dillalai sun riga sun auna su da igiya. Ubangiji ya ba shugabanninmu hikima da tsoronsa, ya kuma sa albarka ga aikin hannuwanmu. Amin.